Manomin Nyafunke da Jitarsa

Laccar da aka gabatar a unguwar Abena, birnin Njamena

  

An nemi in yi magana a kan makaɗin jita ɗan ƙauye, mai irin kiɗan nan da Turawa ke kira buluz. Na zaɓi Ali Ibrahim Ture, wanda duniya ta sani da Ali Farka Ture, mutumin Nyafunke a ƙasar Mali. Ba Bahaushe ba ne, ba kuma ɗan Cadi ba ne. Amma duk wanda ya tashi yana jin goge ko garaya ko gurmi, in aka sa masa faifan mutumin nan, kafin a yi nisa zai fara kaɗa kai, ya ce ai wannan na gida ne. Dalilin wannan kaɗa kai nake so mu bi diddiginsa yau. Tun da wuri kuma in roƙi malamai afuwa: ban zo ba da fatawa a kan halarcin kiɗa ko haramcinsa ba, wannan fage yana da masu shi. Tarihin mutum na kawo, da abin da hannunsa ya aikata.

An haife shi a 1939 a ƙauyen Kanau, kusa da Gurma Rarus, a bakin kogin Neja, wanda mu muke kira Kwara. Mahaifiyarsa mai wabi ce. Shi ne ɗa namiji na goma da ta haifa, shi kaɗai kuma ya tsaya. Kun san yadda ake yi wa irin wannan yaro a wurinmu, a laƙaba masa Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba. Su ma haka suka yi, suka ce masa Farka, wato jaki. Mahaifinsa ya rasu yana aikin soja a rundunar Faransa tun yaron yana goye, dangi suka tattara suka koma Nyafunke, garin da ke bakin kogi kudu maso yamma da Tambutu. Bai shiga makarantar boko ba. Gona ta rene shi, da kogi.

Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne, gidansu ba gidan roƙo ba ne. A Mali, kamar a ƙasar Hausa, kiɗa sana'ar gado ce, akwai gidajen da aka san su da ita, akwai kuma waɗanda in ɗansu ya taɓa tsirkiya sai a ce ya zubar da mutuncin gida. Gidan su Ali yana cikin kashi na biyu, ana danganta shi da Arma, jikokin mayaƙan Maroko da suka ci daular Songai a 1591. Don haka ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa, sai ma hani da ya sha. Wanda ya san tarihin Alhaji Mamman Shata ya san irin wannan rigima, domin shi ma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Ni a ganina wannan rashin gado ya yi wa Ali rana. Maroƙin gado yana da ubangida, yana da taken da dole ya kaɗa, yana da wanda dole ya wasa. Ali bai da ko ɗaya. Abin da ya ga dama shi yake kaɗawa, kuma har ya koma ga Allah ba a san shi da bin masu kuɗi da kirari ba. Waƙoƙinsa a kan noma suke, da aiki, da ilmi, da zaman lafiya tsakanin ƙabilu, da soyayya, da mutanen ruwa.

Yana wajen shekara 12 ya haɗa wa kansa ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da suke kira jurukele. Ku tuna kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, gwangwani da fatar akuya da tsirkiya guda, to ɗan'uwansa ne. Daga baya ya kama njarka, wadda in kun gan ta za ku ce kukuma ce: ɗan ƙoƙo, fata, izga, da ɗan baka na gogawa. Waɗannan su ne kayan da ake kiran iskoki da su a wannan yanki. Songai suna da nasu tsarin na mutanen ruwa, mai kama da borinmu ƙwarai, kowane iska da takensa, in an kaɗa masa ya hau dokinsa. Ali da bakinsa ya sha ba da labarin yadda suka taɓa shi yana yaro, har aka kai shi wajen duwatsun Hombori aka yi kusan shekara ana yi masa magani. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, ba zai fahimci kiɗan Ali ba sai ya san daga wannan fage hannunsa ya fito. Kiɗan kiran iska ba ya gaggawa, ba ya yawan sauye-sauye. Jimla ɗaya ake kamawa a yi ta juya ta, a yi ta juya ta, har ta shiga jikin mai saurare.

A 1956 ya ga Keita Fodeba, ɗan ƙasar Gini wanda ya kafa ƙungiyar Ballets Africains, yana kaɗa jita. Tun daga ranar ya ƙudura sai ya iya. Ba shi da tasa, sai ta aro. A tsakanin nan ya yi tuƙin mota, ya yi kanikanci, ya tuƙa jirgin ruwan ɗaukar marasa lafiya a kogi. Da Mali ta sami 'yancin kai a 1960, gwamnatin Modibo Keita ta kafa ƙungiyoyin wasannin gargajiya a kowace gunduma, ana gasa tsakaninsu, Ali ya shiga ta Nyafunke ya zama cikin jagororinta. Nan ya tara waƙoƙi cikin harsunan arewacin ƙasar, Songai da Fulatanci da Tamashek na Buzaye, har da Bambara na mutanen kudu. Sai a 1968, shekara 12 bayan ganin Fodeba, ya mallaki jitar kansa, a birnin Sofiya na Bulgeriya ya saye ta, lokacin da aka tura su wakiltar Mali a wani bikin ƙasa da ƙasa.

Bari mu ɗan tsaya a kan hannun nasa, don nan maganar take. Yaran da ke koyon jita a majami'un unguwar nan, ko masu kiɗan rumba irin na Kongo, sun san yadda ake yi: yatsun hagu su danne tsirkiya uku ko huɗu a lokaci guda, hannun dama ya share su gaba ɗaya, sannan a sauya zuwa wani haɗin sautin, a sake sauyawa, a komo. Ali ba haka yake yi ba. Babban yatsansa na dama yana kan tsirkiya mai kauri, yana bugun sauti guda ba fashi, kamar mai tafiyar ƙasa da ya sami takunsa. Manuniya kuma tana can kan siraran tsirkiyoyi tana zance. Yatsun hagu ba sa zama, suna ɗan taɓa tsirkiya su ɗaga, su murza, su karkaɗa, daidai yadda mai goge ke yi a kan izga. Sautuka biyar ya fi yawo a cikinsu, waɗanda kunnenmu ya saba da su tun daga waƙar daɓe har waƙar niƙa. In ya rera baiti, jita ta maimaita masa, wani lokaci su tafi tare murya da tsirkiya kamar abu ɗaya. A gefensa ga Hamma Sankare da ƙwarya a kife, tana ba da ƙas-ƙas ɗin da ke riƙe tafiyar. Shi ke nan. Tsirkiya shida ce a hannunsa, amma tunanin mai tsirkiya ɗaya yake yi da ita. Jita kayan Turawa ce, ya ɗauke ta ya tilasta mata yaren njarka.

A ƙarshen shekarun 1960 ne, a Bamako, aka sa masa faya-fayan baƙar fatar Amurka, su James Brown da Otis Redding, da wani mai suna John Lee Hooker. Ya ce da ya ji Hooker ya ɗauka mutumin Mali ne. Daga nan aka sami maganar da ta bi shi har kabari, wai buluz daga bakin Kwara ya tashi, bayi suka tafi da shi, Ali kuma shi ne shaida. Tunda wannan magana tana yi mana daɗi, ya kamata mu bincike ta da kyau, domin abin da ke yi wa mutum daɗi shi ya fi saurin ruɗinsa.

Buluz ya bayyana ne a kudancin Amurka, musamman kwarin Misisipi, wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Bauta ta ƙare a 1865, amma jikokin bayi suka ci gaba da noman auduga a gonakin fararen fata, a kan a raba amfani in kaka ta yi. Mai gona shi ke ba da iri da abinci bashi, shi ke riƙe da littafin lissafi, in an zo rabo sai a ce wa manomi har yanzu ana binsa. Cikin wannan ƙunci kiɗan ya tsiro. Charley Patton a gonar Dockery ya yi zamansa. Robert Johnson ya mutu a 1938 yana da shekara 27, waƙa 29 kacal ya bari a faifai. Akwai Mississippi John Hurt na ƙauyen Avalon, wanda ya yi faifai a 1928, kasuwa ta faɗi, ya koma ƙwadagon gona shekara 35, sai a 1963 wasu samari masu son kiɗa suka bi sawunsa suka same shi da ransa, suka fito da shi duniya yana tsoho, ya rasu a 1966. Shi kuma Hooker a wannan kwari aka haife shi, ya yi ƙaura zuwa Detroit neman aikin masana'anta, ya yi suna a 1948. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne sau da yawa a kan sauti guda yake tsayawa, yana buga ƙafa a ƙasa, ba ya bin ƙa'idar sauye-sauyen da sauran ke bi. Shi ya sa kunnen Ali ya kama shi nan take.

Masana sun bi wannan sawu. Paul Oliver, Baturen Ingila, ya fitar da littafi a 1970 yana cewa a daina neman asalin buluz a gangunan bakin teku, a dubi ƙasashen fako, inda ake da molo da goge. Gerhard Kubik, mutumin Ostiriya, a littafinsa na 1999 ya faɗaɗa wannan, ya nuna yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Nijeriya har arewacin Kamaru, cikin misalansa har da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru, nan maƙwabtanmu. Hujjarsu tana da ƙarfi. Mawaƙi shi kaɗai da tsirkiyarsa, murya mai karkarwa da jan baƙi, sautuka biyar, sautin ƙasa da ba ya sauyawa, duk akwai su a can, akwai su a nan. Ga kuma tarihi: bayan tawayen bayi na Stono a 1739, hukumar Karolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 ta hana bayi ganga, don tsoron kada su kira juna da ita. Ganga ta yi shiru, tsirkiya ta rayu. Banjo, wadda Amurkawa ke ji da ita, jikar molon Afirka ta Yamma ce. Yaran Misisipi ma sukan kafa waya guda a bangon ɗaki, su ɗame ta da kwalba, su yi ta kaɗawa, da yawa cikin manyan makaɗansu da wannan suka fara.

To amma ina jan hankalinku. Dangantaka daban, mallaka daban. Tsarin baitin buluz, da haɗin sautuka uku da ake zagayawa a kansu, da waƙar majami'a da ta shige shi, da jirgin ƙasa da gidan yari da bashin mai gona da suka cika baitocinsa, waɗannan ba a bakin Kwara aka yi su ba. Mutanen da aka sayar, wasu ma da hannun kakanninmu, su suka gina abinsu cikin wahalar da mu ba mu sha ba. In muka tashi yau muka ce ai namu ne duka, mun ƙwace musu abu na biyu. Ali kansa ya kan yi wannan iƙirari da ƙarfi, yana cewa tushen yana wurinsa, rassa ne a Amurka, kuma ya tsani laƙabin da 'yan jarida suka ba shi na John Lee Hooker ɗin Afirka. Ina ganin yana da gaskiya da ya ƙi laƙabin, domin ba kwaikwayo yake yi ba. Amma wanda ya saurari abin da ya ɗauka a shekarun 1970, sannan ya saurari na bayan 1990, zai ji cewa hannun ya ɗan sha ruwan Misisipi. Ba abin kunya ba ne. Mutum ya ji muryar ɗan'uwansa da ya ɓace, ya amsa masa.

A 1970 ya kama aiki a gidan Rediyon Mali, da farko cikin makaɗan gidan, daga baya ya zama mai kula da na'urar ɗaukar sauti. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Mutumin da bai yi boko ba ya koyi makirufo da tef, ya ɗauki kansa da kansa, ya riƙa aika wa kamfanin Sonafric a Faris, suna buga faya-fayai. A 1980 ya ajiye aiki ya koma gona a Nyafunke. Ɗaya daga cikin faya-fayan nan, mai jan bango, ya faɗa hannun Andy Kershaw, mai gabatar da shiri a BBC, ya sa shi a rediyo, masu saurare suka rikice. Wata mata mai suna Anne Hunt ta kamfanin World Circuit ta taso har Bamako nemansa, aka yi cigiya a rediyo, aka yi sa'a yana cikin gari. A 1987 ya sauka Landan, yana da shekara 48.

Daga nan abin ya yi sauri, ba sai na ja ku da jerin sunaye ba. Faifan da ya fi tashe shi ne Talking Timbuktu, da ya yi da Ry Cooder a Los Anjelas, ya fito a 1994, ya ci kyautar Grammy a 1995. Wannan kyauta ita ce ƙololuwa a kasuwar kiɗa ta Amurka. Ƙofofi suka buɗe, ana kira daga ko'ina. A nan ne mutumin ya yi abin da ya sa na zaɓe shi. Ya rage fita, ya koma gida. In an tambaye shi sana'arsa, manomi yake cewa. Kuɗin da jita ta kawo ya zuba su a ƙasa: injinan ban ruwa, gyaran fadama, shinkafa, itatuwan marmari, a yankin da farin 1973 da na 1984 suka gigita, farin da iyayenmu na nan Cadi ma ba su manta ba. Ya kan ce in ya daɗe a waje kiɗan nasa yana rasa ƙarfi, domin daga ƙasar yake samunsa.

Da kamfani ya matsa yana son sabon faifai, sai ya ce su zo su same shi. Nick Gold, shugaban World Circuit, ya kwaso na'urori da janareta da wayoyi, aka bi hanya har Nyafunke, aka kafa su a wani tsohon gini da aka yi watsi da shi a gefen gari. Da rana Ali yana gona, baƙi suna jira. Sai ya tashi daga aiki, sannan a zauna a ɗauka. Faifan ya fito a 1999 da sunan garin. A zama ɗaya aka ɗauki na almajirinsa Afel Bocoum. Ku duba wannan da kyau, samari. Yawancinmu in an ce Turai na kira, ko takalmi ba ma tsayawa ɗauka. Shi kuwa ya sa Landan ta zo ta zauna a tabarma tana jiran a gama ban ruwa. Ba girman kai ba ne, sanin inda darajar kayansa take ne. A 2003 Martin Scorsese ya fitar da fim a kan asalin buluz, shi ma sai da aka je har Nyafunke da makaɗin Amurka Corey Harris aka zauna da shi.

Kada ku ce irin wannan sai Mali. Muna da namu a nan. Dattawan da ke zaune sun san Maître Gazonga, wanda aka haifa a 1948 a Am Timan, shugaban ƙungiyar International Challal, mai waƙar Jaloux saboteurs da aka ɗauka a Abijan a 1984. Kiɗansa ba buluz ba ne, na rawa ne, ya fi kusa da na Kongo. Amma ya gane abin da Ali ya gane, cewa jama'ar tana ƙauye. Ya kan ɗebi makaɗansa su yi watanni suna zaga karkara, inda mutane ba su da tsabar kuɗi, sai ya ce kowa ya shigo da abin da yake da shi, dawa, shinkafa, wake, busasshen kifi, kaza. Motoci suna kwasowa zuwa Njamena, a sayar da wani a kasuwa, a raba wa iyalan makaɗa wani, da ribar a sayi kayan aiki. Ɗaya ya kai kuɗin kiɗa gona, ɗaya ya karɓi amfanin gona kuɗin kiɗa. Allah cikin ikonsa, tsakanin rasuwarsu ko wata guda ba a yi ba: Ali a farkon Maris na 2006, Gazonga ranar 1 ga Afrilu.

Kafin rasuwar, a 2004, mutanen Nyafunke suka zaɓi Ali magajin gari. Da kuɗin aljihunsa ya gyara hanyoyi, ya haƙa magudanan ruwa, ya riƙa sayen man janaretan da ke ba garin wuta. Mu da muka ga abin da ambaliyar 2022 da ta 2024 suka yi wa unguwannin birnin nan mun san magudanar ruwa ba ƙaramar magana ba ce. A wannan shekara ta 2004 ya zauna da Tumani Jabate, sarkin kora, a otal ɗin Mande da ke bakin kogi a Bamako, suka ɗauki faifan In the Heart of the Moon ba tare da wani dogon shiri ba. Haɗuwa ce ta arewa da kudu, ta ɗan gidan da ba a kiɗa da ɗan gidan da ya gaji kora kaka da kakanni. Faifan ya ci Grammy a watan Fabrairun 2006, Ali yana kwance sankarar ƙashi tana cinsa. Bayan 'yan makonni ya cika a Bamako, aka kai shi Nyafunke aka rufe. Faifansa Savane ya fito bayan rasuwarsa, wanda kuma suka yi na biyu da Tumani ya fito a 2010, ya sake cin Grammy a 2011, ta uku ke nan. Tumani ma ya bi shi a Yulin 2024. Allah ya jiƙan musulmi.

Shekara shida da rufe shi, a 2012, masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin Mali har da garinsa, suka hana kiɗa. Makaɗa suka watse, wasu Bamako, wasu sansanin gudun hijira. Bikin hamada da ake yi a Essakane, inda Ali ya yi wasa a 2003, ya tsaya. Wannan labari ba baƙo ba ne a Njamena, domin 'ya'yan ƙasar nan sun tafi can a 2013, sun yi yaƙi a duwatsun Ifogas, wasu ba su dawo ba.

Hannun nasa dai bai mutu ba. Ɗansa Vieux Farka Ture, wanda uban ya so ya shiga soja, ya bijire kamar yadda uban ya bijire, sai da Tumani ya sa baki aka bar shi. Ya yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, a 2022 kuma ya sake ɗaukar waƙoƙin mahaifinsa tare da ƙungiyar Khruangbin ta Amurka. Ƙofar da Ali ya buɗe ita ce 'yan ƙungiyar Tinariwen suka bi har suka ci tasu Grammy a 2012, duk da cewa kiɗansu yana da nasa tushen daban a gudun hijirar Buzaye. Ta nan Bombino na Agadas ya bi. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya tallata shi. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta memori da Bluetooth, har ya kai kunnen wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya sa shi cikin wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara. Yau yana cika manyan zauruka a Amurka da Turai.

Ga tambayar da ke damuna. Buzaye sun fitar da nasu, Songai sun fitar da nasu. Mu da masana suka ce gogenmu yana cikin dangin buluz na kusa, ina namu? Muna da Haruna Uje da gurminsa, da Garba Sufa, da Hassan Wayam da Ahmadu Doka da kukumarsu, da Ɗan Maraya da ya rasu a 2015. Hannuwa ne da ba su gaza na kowa ba. Amma samarinmu sun tsallake tsirkiya gaba ɗaya, sun tafi ga fiyano da kwamfuta, ɗan da ya ɗauki goge kuma har yau ana yi masa kallon ɗan bori ko mashayi. Ban ce a bar fiyano ba, Mdou Moctar ma ta sutudiyon Sakkwato ya bi. Cewa nake yi ba a sami wanda ya zauna ya kwashe abin da ke hannun mai garaya ya zuba shi a jita, da haƙuri irin na shekara 12 na aro, ba.

Na ce ku riƙe maganar Rediyon Mali. Abin da ya sa muke da muryar Ali ta shekarun 1970 shi ne ya ɗauka, an kuma adana, har aka tattara aka sake fitarwa a 1996. A nan kuwa yaƙin 1979 da 1980 ya ragargaza birnin nan, abubuwa da yawa da aka adana sun salwanta. Yanzu kowane ɗayanku yana da na'urar ɗaukar sauti a aljihu, wadda ta fi ta Ali kyau nesa ba kusa ba. Akwai tsofaffi masu goge da garaya da molo a unguwanninmu da ƙauyukan bakin Shari da Lagon, da tsallaken gada a Kusiri. Wanda zai je, ya nemi izini tukuna, ya ba da goro mai kauri, ya rubuta sunan mai kiɗa da garinsu da wanda ya koya masa da ranar da aka ɗauka, ya tambayi sunan kowane take da abin da ake kaɗa shi dominsa. Ya ajiye wayar kusa da ƙoƙon, ba kusa da baki ba, ya kuma ɗauki hoton yatsun hagu. Ya bar wa mai kiɗan kwafi, ya ajiye wani a wuri na biyu, don waya tana faɗawa ruwa.

Shugaban zama, na ga lokaci ya ja. Na zo da waƙa biyu da za a sa mana, ɗaya daga ɗaukar Rediyon Mali, ɗaya daga faifan 1999, sai kuma ɗan guntun John Lee Hooker a tsakaninsu, kowa ya auna da kunnensa inda suka haɗu da inda suka rabu. Bayan nan sai a buɗe fagen tambayoyi, kuma ina roƙon a fara ba iyayenmu mata dama.